Tsakanin Titi da Kamfani: Tsokaci a kan Faya-fayan 50 Cent na 2002

Manazartan waƙa sukan tsallake faya-fayan da mawaƙan gambarar Amurka ke saki a bakin titi, su tafi kai tsaye ga kundin da kamfani ya buga. A ganinmu wannan kuskure ne, kuma tarihin Curtis Jackson, wanda aka fi sani da 50 Cent, ya isa hujja.

A watan Mayun 2000 aka harbe shi sau tara a unguwarsu da ke yankin Kwins na birnin Niyok. Kamfanin Columbia ya sallame shi, ya kuma jingine kundinsa na farko. Da ƙofa ta rufe, sai ya koma wa masu tallar faifai a gefen hanya. A 2002 ya fitar da Guess Who's Back? da kuma 50 Cent Is the Future. Na farkon ne ya kai kunnen Eminem, wanda shi da Dr. Dre suka ɗauke shi a kan dala miliyan 1. Amma na biyun ya fi cancantar nazari.

Abin da ya yi a cikinsa shi ne ɗaukar kiɗan waƙoƙin wasu da suka riga suka yi tashe. Bai tsaya ga ɗora baitoci kawai ba, kamar yadda aka saba; amshin ma yakan sake masa kalmomi, ya juya ma'anarsa, har waƙar soyayya ta koma ta barazana ko ta ba'a. Mai sauraro yana jin tsohuwar waƙar a ƙarƙashin sabuwar, kuma daɗin yana cikin wannan karo ne. Wanda ya san yadda makaɗanmu ke aron kari su cusa masa zambo ba zai ga baƙon abu ba. Muryar ita ma tana taka rawa: harsashin da ya ratsa kumatunsa ya bar masa ɗan nauyin baki, sai ya zamana yana furta mugun kalami cikin sanyi, kamar mai hira.

Kundinsa na Fabrairun 2003, Get Rich or Die Tryin', ya sayar da kwafi 872,000 a makon farko. Ba mu musanta ƙarfinsa ba. Waƙar Many Men, inda ya waiwayi harbin, tana da nauyin da faya-fayan titin ba su kai ba. Sai dai raha ta ragu. Kamfani ba ya iya sayar da kiɗan aro sai da izini da biyan kuɗi, don haka wasan juya waƙar wani ya koma gefe, kirari ya mamaye fili. Harsasan nan tara kuwa, waɗanda a 2002 raunuka ne da mutum ke magana daga cikinsu, a 2003 sun zama abin da kusan kowace hira da kowace talla ke buɗewa da shi.