Tseren Tashi Tare a Wasan Biyatlon

Cikin masu bin wasan biyatlon, wato haɗin zamiya kan dusar ƙanƙara da harbin bindiga, akwai tsofaffin 'yan kallo da suke raina tseren tashi tare. Sun ce don talbijin aka ƙirƙiro shi, gwajin gaskiya kuwa shi ne tsohon tsarin kilomita 20, inda ake sakin 'yan wasa ɗai-ɗai da tazarar daƙiƙa 30, kowa ya fafata da agogo, duk harsashin da ya kuskure a ƙara masa minti guda. A gida kuma akwai mai raini iri dabam, mai cewa me ya haɗa mutumin Daura, wanda iyakar sanyinsa hazon hunturu, da zamiya kan dusar ƙanƙara. Wannan ba sai an tsaya masa ba, don yana kwana kallon Real Madrid alhali bai taɓa taka Sifen ba. Da na farkon nake.

Wasan na sojoji ne tun asali, masu tsaron iyakar Norwe da Suwidin a ƙarni na 18. An yi gasar duniya ta farko a Saalfelden ta Ostiriya a 1958, ya shiga Olamfik a 1960, aka koma ƙaramar bindiga da nisan mita 50 a 1978, mata suka shiga Olamfik a 1992, hukumar wasan, IBU, ta kafu a 1993. Tashi tare ɗan baya ne, sai a 2006 ya samu shiga Olamfik a Turin, inda Michael Greis na Jamus ya ci na maza, Anna Carin Olofsson ta Suwidin ta ci na mata.

Mutum 30 kacal ake ɗauka, zaɓaɓɓu. Maza na yin kilomita 15, mata 12.5, a zagaye biyar, da bindigar da ba ta gaza kilo 3.5 ba a goye. Sau huɗu ake tsayawa harbi, biyu a kwance, biyu a tsaye, kowanne harsashi biyar. Wanda ya kuskure sai ya zaga da'irar horo ta mita 150, wadda ke cin daƙiƙa 20 da 'yan kai. Abin da masu raini ba sa lura da shi yana cikin wata 'yar ƙa'ida: a harbin farko kowa na zuwa layin da ya dace da lambar ƙirjinsa, amma daga na biyu, wanda ya riga isowa shi ke ɗaukar layi na ɗaya, mai bi masa na biyu. Ke nan a harbi na huɗu, mutanen da ke neman zinare suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa.

A nan wasan yake. Ɗan wasa ya iso bayan kilomita 12, zuciya na bugawa wajen sau 180 a minti, ƙafafu na rawa. Abin harbi a tsaye faɗinsa milimita 115 ne, ya fi na kwance mai milimita 45 girma nesa ba kusa ba, amma a tsaye aka fi zubar da harsashi, don ba gwiwar hannu a ƙasa, sai ƙugu da ƙashi. Tun kafin ya shiga fili sai ya yanke shawara: ya rage gudu ya samu numfashi, a ƙwace masa layi, ko ya kutsa gaba ya iso yana haki. Ya dubi 'yan tutocin iska. Sannan tambaya mafi wuya: ya fara harbi ko ya jira? Wanda ya riga ja kunama, ƙarar bindigarsa da faɗuwar farin murfi kan baƙin da ya samu suna shiga kunne da idon na kusa da shi. A Jamus, a Oberhof ko Ruhpolding, dubban 'yan kallo na ihu duk lokacin da aka samu, su yi gurnani in an kuskure, don haka ko bai waiwaya ba ya san halin da abokin hamayya yake ciki. Gwanaye na amfani da wannan da gangan, su yi ruwan harsashi biyar cikin sauri don su tsinka zuciyar maƙwabci. In dabarar ta ci, sun tafi. In ta ƙi, su shiga da'ira suna kallon bayan mutane.

Babu wannan a tsarin kilomita 20. Can mutum na iya cin zinare yana zaune cikin bargo, ya gama tun rabin awa da ta wuce, yana jiran allo ya faɗa masa. Na yarda gwajin harbi ne mai tsanani, amma lissafi ne. Ba mai fita kallon sukuwa in za a saki dawaki ɗaya bayan ɗaya wani na riƙe da agogo. Ni dai a wurina, gasa ba ta cika ba sai abokin karawa yana da ikon lalata maka natsuwa da kasancewarsa kawai, kuma tashi tare ya fi kowane tsari ba shi wannan iko, don babu wanda aka ba tazara tun daga farko.

Sauran ƙorafin shi ne wai sa'a ce, harsashi ɗaya ke yanke hukunci. To a duba Martin Fourcade na Faransa. A Sochi a 2014, Emil Hegle Svendsen na Norwe ya ɗaga hannu yana murna kafin layi, Fourcade ya miƙa ƙafa ya faɗi, sai hoto ne ya nuna Svendsen ya tsira da ƙyar. Bayan shekara huɗu a PyeongChang, ga Fourcade kuma a bakin layi da Simon Schempp na Jamus, ya sake miƙa ƙafa, ya buga sandarsa ƙasa cikin fushi yana zaton an maimaita masa, ashe wannan karon hoton nasa ne. Mutum ɗaya, cikin 30 mafiya ƙwarewa a duniya, ya kai taku na ƙarshe a Olamfik biyu a jere. A Beijing a 2022 ma, Johannes Thingnes Bø ne ya ɗauki zinaren, wanda ko masu rainin ba sa musun cewa yana cikin gwanayen zamaninsa.