Wa ya haife shi, ko me ya yi?

Tun da aka ƙare zaɓen 2020 zuwa 2021 ake yabonmu, wai matasan Nijar sun waye, kowa da salula a hannu, ba a sake yi mana rufa-ido. A taron ƙungiyoyi, a lakca, shawarar ɗaya ce: ka shiga intanet ka binciki ɗan takara kafin ka jefa ƙuri'a. Shawara mai kyau ce, ban musa ba. Sai dai ina so mu duba abin da muka tarar da muka shiga, don ni a ganina yawancinmu mun fito da zafin rai, ilimin kuwa kaɗan ne.

Mu tuna yadda abin ya tafi. Mutum 41 suka ajiye takardu, kotun tsarin mulki ta amince da 30 a watan Nuwamba 2020, ta ƙi na Hama Amadu saboda hukuncin ɗaurin shekara guda da ke kansa. Aka yi zagayen farko ran 27 ga Disamba, Bazum Mohamed na PNDS-Tarayya ya samu wajen kashi 39 cikin ɗari, Mahaman Usman na RDR-Canji wajen 17. Zagaye na biyu ya zo ran 21 ga Fabrairu 2021. To a tsakanin nan, wace magana ce ta fi yawo a WhatsApp da Facebook? Asalin Bazum. Ina aka haife shi, takardarsa ta ɗan ƙasa ta gaske ce ko ta jabu, launin fatarsa, kakanninsa. Ɗaya ɓangaren su ma ba su zauna ba, suna ta kiran Mahaman Usman tsoho wanda zamaninsa ya wuce, ɗan takarar Damagaram kawai. Makonni muka yi muna gardama a fada, shayi na tafasa, kan wa ya haifi wa.

Abin haushin shi ne mutanen nan biyu ba baƙi ba ne. Kowannensu ya kai shekara talatin a siyasa, aikinsa a rubuce yake. Mahaman Usman ya yi shugaban ƙasa daga 1993 har Janar Bare Mainasara ya kifar da shi a watan Janairu 1996, ya kuma riƙe majalisar dokoki wajen shekara goma. A zamaninsa aka karya darajar sefa, a 1994. Bazum ya yi ministan harkokin waje, sannan ministan cikin gida daga 2016 zuwa 2020, ke nan ƴan sanda da izinin zanga-zanga suna hannunsa a shekarun da aka riƙa hana ƙungiyoyin farar hula fita titi. Ga wani abin da ko a fada ɗaya ban ji an ɗauko ba: a 1995, lokacin da Hama Amadu yake firaminista suna ja-in-ja da shugaba Mahaman Usman har mulki ya tsaya cik, Bazum minista ne a gwamnatin Hama. A 2021 kuma sai ga Hama bayan Usman suna yaƙar Bazum. Wanda ya san wannan zai yi wa kowane ƙawance tambaya kafin ya ɗaga murya dominsa. Mu ba a haife mu ba a 1995, shi ya sa intanet ta kamata ta zama mana kakar da za ta ba mu labari. Ba mu tambaye ta ba.

Amma kar in ɗora mana laifin duka. Akwai matsalar harshe, kuma ita ce babba.

Duk abin da ke da nauyi, da Faransanci yake. Shirin Bazum mai suna Renaissance acte III, da alkawarinsa na gina makarantun kwana na ƴan mata, da Faransanci aka buga. Hukuncin kotu, Faransanci. ActuNiger, Tamtaminfo, Aïr Info, Le Sahel, duk Faransanci, wani lokaci ma irin na lauyoyi wanda ɗan jami'a sai ya karanta sau biyu. Abin da ya zo da Hausa kuwa, galibi saƙon murya ne na minti bakwai ko goma, ba suna, ba rana, ba gari. Wani ya fara da sallama da salati, ya ce “wani babba ne a Yamai ya shaida mini”, shi ke nan, ya zazzage. Inna a ƙauye ba ta karanta ActuNiger, amma saƙon nan ya kai gare ta kafin azahar, kuma muryar ta yi kama da ta ɗan gida. Mega ma tana da nata hukunci: wanda ya sayi ta dala ashirin zai saurari murya, ba zai buɗe takarda mai shafi tamanin ba.

A lokacin zaɓen, sassan Hausa na BBC, RFI, DW da Muryar Amurka sun rage ɓarna, dole a faɗa. Akwai sunan wakili, akwai rana, ana jin ɓangare biyu. Sai dai Najeriya ce babbar kasuwarsu, mu a lokacin muna samun ƴan mintoci, kuma mintocin sukan tafi kan wa ya ce me a yau. Studio Kalangu da ke Yamai ya fi su zama kan lamuranmu, da harsunanmu, ga shi ana iya komawa a saurari tsohon shiri. Ban ga an yi ta tura shi a gurup-gurup kamar yadda ake tura zagi ba.

Dubi batun kuɗin ma'aikatar tsaro. A farkon 2020 binciken da gwamnati da kanta ta sa aka yi ya fallasa aringizon farashi da kayan yaƙin da aka biya ba a kawo ba, ana maganar miliyar 76 na sefa. Wannan fa ƴan makonni ne bayan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Shinagodar. In akwai tambayar da ta cancanci a yi wa duk mai neman kujera, ta jam'iyya mai mulki ko ta adawa, ita ce: me za ka yi da wannan fayil? Ƴan jaridar da suka bi sawun maganar sun ɗanɗana kuɗarsu. Samira Sabu ta shafe makonni a kurkuku daga watan Yuni 2020 kan rubutun Facebook, a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2019, aka kuma maka Musa Aksar na L'Événement a kotu. Kun ga yadda lissafin yake: mai sa sunansa ƙarƙashin rubutu shi ke kwana a tsare, mai saƙon murya marar suna yana barci a ɗakinsa. Daga baya sai mu ce ba labari mai inganci.

Da CENI ta ba Bazum kashi 55 da ɗoriya ran 23 ga Fabrairu, Usman ya ce shi ya ci, rikici ya tashi a Yamai, aka yanke intanet ta salula wajen kwana goma. Jita-jita ba ta tsaya ba, ta koma baki da baki ne kawai. Abin da ya tsaya shi ne hanyar tantance ta.

Ni abin da nake yi da kowane saƙo bai wuce tambaya uku ba, kuma ba sa cin mega. Wa ya faɗa, da sunansa? Yaushe? Hoton mitin ɗin da aka ce na jiya ne a Maraɗi, in ka sa shi a binciken hoto na Google sau da yawa za ka tarar na wata shekara ne ko na wata ƙasa. Ta ukun ita ce: maganar kan aikin mutumin take ko kan jininsa? In kan jini ce, na goge.

Inda intanet ta yi shiru gaba ɗaya kuwa shi ne inda ƙuri'a ta fi taɓa mu. Ran 13 ga Disamba 2020 muka zaɓi kansiloli, su ne suka zaɓi magajin gari, mai kula da kasuwa, kwata, filaye da harajin ƴan kabu-kabu. Ran 27 muka zaɓi ƴan majalisa, kuma a tsarin wancan lokacin galibi jerin sunayen jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a a jaha, ba mutum ɗaya ba. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: cikin waɗanda suka tafi majalisa da sunan Tawa ko Damagaram, nawa za ku iya lissafawa? Ka rubuta sunan wani a Google, ba abin da zai fito sai hotonsa da babbar riga, wani ma ko hoton babu. A nan binciken na ƙafa ne: ka je ma'aikatar magajin gari ka nemi ganin kasafin kuɗin bara, ka tambayi shugaban ƴan kasuwa abin da aka karɓa da abin da aka gina. In uku ko huɗu cikinmu suka yi haka a kowane gari, suka rubuto shafi biyu da Hausa, da suna da rana a ƙasa, kuɗin fotokofi ne kawai zai rage mana mu haɗa.