Madugu da hanyar da ba ta da sawu

Duk wanda ya ɗaga kantun gishiri a kasuwannin Alakos ko Kutus, a ƙasar Gure, ya san nauyinsa. Ba kowa ne ya san mutumin da ya ratso hamadar Tenere da shi ba. Masu zaman gindin bishiya sukan yi ta gardama a kan tsadar gishirin, alhali ko akalar raƙumi ba su taɓa ja ba.

Mutumin nan shi ne madugu, uban tafiya. Wajen watan Oktoba, in kaka ta yi, ayarin Buzaye ke tashi daga Abzin ya nufi Fachi da Bilma ɗauko gishiri. Tun kafin a ɗaura kaya madugu ya gama lissafi: salka nawa ta ruwa, damin ciyawa nawa, domin tsakanin rijiya da rijiya babu ko tsinke. Wasu damman ma a hanya ake ajiye su, raƙuma su ci a dawowa. Ka ga ke nan dole ya gane wurin bayan makonni, a filin da iska ke share sawu cikin dare ɗaya.

To, da me yake gane hanya? Da safe rana na gabansa. In ta ɗaga, sai ya koma ga inuwar raƙuminsa, yana lura da gefen da ta kwanta da yadda take gajarta. Tuddan rairayi ma alama ce, don iskar arewa maso gabas ta jera su layi-layi, shi kuwa ya san karkatar da zai yanke su da ita. Da dare ya yi, Kaza da 'Ya'yanta ta fito daga gabas, ya sa ta a goshi. In ta yi sama ya sake wani tauraron, saboda wanda ya maƙale wa tauraro ɗaya har asuba ya bauɗe. Ayari ba ya tsayawa cin abinci. Ana tafe ake dama gero da dabino da cuku, a miƙa wa na gaba. Shi dai madugu ba ya yawan magana. Kuskuren taku kaɗan da safe, kafin magariba ya zama nisan da za a wuce rijiya ba a gan ta ba.

Alamar da kowa ya sani ita ce bishiyar Tenere, wadda wata babbar mota ta kayar a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

A bakin teku akwai takwaransa, jagoran da ke hawa jirgin ruwa ya shigar da shi tasha irin ta Kwatano ko Lome. Shi takarda gare shi. A 2003 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta ba da shawarar a riƙa sake gwada irin waɗannan jagorori aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5, a duba gani da ji, wanda kuma ya daɗe bai yi aiki a wurin ba ya sake sanin mashigar, don yashin ƙarƙashin ruwa ma ƙaura yake yi.

Madugu ba shi da ofishin da zai kai takarda. Masu raƙuma ne ke zama kafin tafiya, su duba wanda ya kai ayarin bara ya dawo da shi, sannan su miƙa masa akalar raƙumin gaba.