Tashe a Kan Dandamali: Sharhi a Kan Wasan da Ƙungiya ta Gabatar

Tun daren da aka tashi daga wasan da kwamitin wasanni na ƙungiyarmu ya shirya a babban ɗakin taro nake ta juya maganar nan a raina. Na so in yi shiru, domin waɗanda suka yi wasan abokaina ne, wasu ma ɗakinmu ɗaya, kuma na ga irin wahalar da suka sha wajen gwaji, ga zafi ga jarrabawa a gaba. To amma an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka ina roƙon su, da malamanmu da suka halarta, su ɗauki wannan a matsayin gudummawar ɗalibi. In na yi kuskure a gyara mini a fitowa ta gaba.

Ga wanda bai sami zuwa ba, abin da aka yi shi ne an zaɓo wasu wasannin tashe, aka jera su ɗaya bayan ɗaya a kan dandamali, aka sa fitilu masu launi da lasifika. Kafin a fara, mai gabatarwa, wanda yayanmu ne a karatu, ya karanta jawabi a kan al'adun da mutanen duniya ke yi a wasu lokuta na shekara. Ya kai mu Sin ya dawo da mu Indiya, daga ƙarshe ya sauke mu a Amurka, inda ya rufe da cewa tashe shi ne Halowin ɗin Hausawa. Aka yi tafi raf raf. Ni ban tafa ba, kuma daga wannan magana zan fara, domin a ganina ita ce ta ja wasan ya karkace.

Kamar da ke tsakanin abubuwan biyu ba ɓoyayya ba ce. Ga yara, ga dare, ga shigar burtu, ga bin gida gida ana ba su ɗan abin hannu. Sai dai kama da wane ba ta wane. Halowin ana yin sa ne ranar 31 ga Oktoba, watau jajiberin ranar da Kiristocin Turai ke tunawa da waliyyansu. Masana da yawa suna danganta tushensa da wani tsohon biki na mutanen Ailan da Sikotilan mai suna Samhain, wanda ake yi idan an gama girbi, sanyi ya kawo kai, lokacin da suka yi imani matattu da iskoki sukan kusanto masu rai. Shi ya sa shigar da aka fi yi ta fatalwa ce da ƙwarangwal da mayu. Mutanen Ailan da Sikotilan ne suka ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 19, musamman bayan yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845, a can kuma kabewar da ake fafewa a sa mata kyandir ta zama alamarsa. Jigonsa dai tsoro ne da mutuwa, ko da yake yanzu an mayar da su abin wasa. Hatta abin da yaran ke faɗa a bakin ƙofa barazana ce cikin raha: ko a ba su alewa, ko su yi ɓarna.

Ɗan tashe kuwa ba ya shigar matacce. Galibi shigar maƙwabcinsa yake yi. Ya liƙa gemun auduga ya duƙa a kan sanda ya zama tsoho, ko ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani, ko ya cusa tsummoki a riga ya zama mutumin da ya yi zarin buɗa baki har ya kasa miƙewa. Watau jigon tashe rayayyu ne da halayensu. Abin da ake ba shi kuma sunansa sadaka, yana karɓa ya yi addu'a. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a kwando ɗaya tufafin ya duba, bai duba wanda ke cikinsu ba.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi, wanda jawabin ya tsallake gaba ɗaya. Da aka ce “al'adun lokaci”, lokacin wa ake nufi? Lokaci iri biyu ne. Akwai na rana, wanda damina da kaka da ɗari da bazara ke bi, akwai kuma na wata. Halowin ɗan rana ne, kullum a ƙarshen girbin Turai yake faɗowa, shi ya sa kayan aikinsa kabewa ce da busasshen kara. Tashe ɗan wata ne. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da misalin kwana 11, saboda haka azumi yana ta matsowa baya har ya zagaye shekara cikin kamar shekara 33. Azumin 2000 a ƙarshen Nuwamba ya kama, cikin ɗari. Na 2011 a farkon Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Na 2024 a watan Maris, cikin zafin bazara. A duk ukun an yi goman marmari, aka shiga goman wuya, lokacin da tashe yake fitowa. Ba ruwan tashe da girbi. In ana neman al'adun Bahaushe da ke bin rana, suna nan: dambe da kokawa da kalankuwa da ake yi da kaka idan rumbu ya cika, da farautar rani, da bikin kamun kifi na Argungu wanda aka fara a sigarsa ta yanzu a 1934. Waɗannan ne ya kamata a jera da bukukuwan girbi na wasu ƙasashe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tashe yana da 'yan uwa na jini, mai jawabi ya tsallake su ya tafi neman dangi a Amurka. Sunan kansa daga tashi ya fito, watau tashin mutane su yi sahur. A Masar akwai musaharati, mai yawo da ɗan ganga cikin dare yana kiran mutanen unguwa da sunayensu. A Turkiyya ma makaɗa ne ke wannan aiki, su dawo daga baya su karɓi tukuici. A Kuwaiti da Bahrain da Ƙatar da gabashin Saudiyya, yara sukan sa kayan gargajiya a tsakiyar Ramadan, su rataya jaka a wuya, su bi gidaje suna waƙa ana ba su alewa da gyaɗa. Wasu na ce da shi Gargi'an, mutanen Ƙatar kuma Garanga'o. A Bamako ta Mali, daga goma ga azumi, daidai da namu, yara maza sukan fito da wasan da suke kira Yogoro, mata kuma Salawale. A Senigal ana yin Tajabon a daren Ashura, bayan an ci an ƙoshi kamar yadda muke cika ciki, maza su yi shigar mata, mata su yi ta maza, a bi gidaje.

Mafi kusa duka shi ne na Wagadugu a Burkina Faso. A can yara sukan sa fuskokin dabbobi cikin dararen azumi su bi gidaje suna rawa, sunan wasan kuwa Dodo. Kalmar tamu ce, kuma abin da masu bincike suka rubuta shi ne fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Ga al'adar da ta bi hanyar fatauci, ta sauka a zango, ta auri al'adun Mosawa, ta haifi wani abu sabo. Wannan kaɗai ya isa jawabin minti goma, amma ko sunansa ba mu ji ba. Ina zargin dalili shi ne mun saba ba ma ganin girman abinmu sai mun samo masa takwara a wurin Bature.

To mu komo kan wasan kansa.

Da yake an ɗauka tashe shigar burtu ce kawai, sai aka zuba ƙarfi duka a kan kaya. Kayan kuwa sun yi kyau, har sun yi yawa. Tsohon da aka fito da shi gemunsa na kanti ne, babbar rigarsa ta sha guga. Jatau kuma sai ka ce mai shirin hawan salla. Alhali daɗin abin a unguwa shi ne kowa ya san wannan tsohon ɗan gidan wane ne, gemun na neman faɗuwa yana tarewa da hannu ɗaya, muryar da yake karyawa tana kuɓuce masa. Dariyar tana tsakanin yaron da muke gani da tsohon da yake son zama. Idan shigar ta cika, wannan dariya ta mutu.

Babbar asarar kuwa ita ce ta ƙofar gida. Dandamalin tashe na ainihi zaure ne da tsakar gida, 'yan kallonsa kuma 'yan wasa ne su ma. Uwar gida da ke tankaɗe tana tanka musu, kaka tana tsokanar jagora, maigida yana daga kan buzu yana ce musu bai ji ba a sake. A unguwarmu ina tunawa akwai gidan da duk shekara sai an ja mana rai kafin a ɗebo gero, mu kuma mu ƙara baiti nan take mu yi wa maigidan gugar zana, shi kuwa abin da yake jira ke nan. Wannan ja-in-ja shi ne zubin wasan, shi ke sa ya yi tsawo a wani gida ya gajarta a wani. A ɗakin taro an haddace waƙoƙin tsaf, jagora ya bayar, 'yan amshi suka karɓa, aka rusuna, aka ja labule. Ba wanda ya ba da sadaka, ba wanda ya hana. Me ya hana a gina ƙofar gida a gefen dandamali a zaunar da iyali a ciki, ko ma 'yan wasan su sauko su bi layin kujeru suna yi wa malamai tashe? Na tabbata da an tsaya a gaban shugaban sashe an ƙi tafiya sai ya sa hannu a aljihu, da ɗakin ya ga tashe na gaskiya.

A tashen gwauro an yi kuskuren da bai kamata ɗaliban Hausa su yi ba. Wanda aka ɗaure da igiya an nuna shi saurayi ne da bai taɓa aure ba. Wannan ai in ya daɗe a haka tuzuru ne. Gwauro shi ne wanda ya taɓa aure ya rasa matar, kuma ma'anar wasan a nan take: mutumin da ya saba a tashe shi a ajiye masa sahur, yanzu ba mai tashinsa sai 'yan gari da ƙaho da gwangwani. A Kano har sarauta gare shi, ta Nalako, sarkin gwagware. Dariyar da ake yi wa gwauro tura ce, ana ce masa ya je ya yi biko ko ya nemi wata. In aka sa saurayi a gurbinsa, sai zolayar ta rasa inda za ta sauka.

Macukule shi ya fi samun tafi, ni kuma shi ya fi sa ni tunani. Wasa ne da ake kwaikwayon Hausar Bagware cikin tsummoki, kuma a ɗakin nan akwai ɗalibai Gbagyi da ke karatun Hausa tare da mu. Ban ce a soke shi ba. Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba: wasan inuwa na Karagoz, wanda ake yi a gidajen shan gahawa na Istambul cikin dararen azumi a zamanin Daular Usmaniyya, kuma Unesco ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2009, cike yake da kwaikwayon harshen Balarabe da Bafarishe da sauran baƙin birni. Sai dai barkwanci yana da sharaɗi, shi ne wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kamar yadda yake tsakanin Bakatsine da Bagobiri, ko Bafulatani da Babarbare. A dandamali bakin nan a rufe yake. Da mai gabatarwa ya bar Halowin ya yi mana minti biyu a kan wannan, ko da an ba wani daga cikin abokanmu dama ya fito ya kwaikwayi Bahaushe yana fama da yaren Gbagyi, da an yi dariyar da kowa zai tafi gida da ita.

Inda zan cire hula shi ne wasan 'yan mata na Mairama da Daudu. Wadda ta fito a Daudu ba ta nemi ɓoye cewa mace ce ba. Hular ta yi mata yawa, tana tafiyar ƙasaita tana gyaran murya, ita kuma Mairama tana sunkuyar da kai tana satar hararar ta. Cikin minti kaɗan suka nuna yadda yarinya ke kallon zaman aure daga tsakar gidan uwarta. Ƙwarya kawai suka kaɗa, suka ƙi lasifika, kuma da wata daga cikin 'yan kallo ta yi guɗa sai Daudu ya juya ya amsa mata. Nan ne kaɗai a daren na ji ƙanshin unguwa.

Wani zai ce wasan dare ɗaya ne, me ya kawo wannan dogon turanci? Dalilina shi ne tashe yana janyewa daga titi. A azumin 2024 rundunar 'yan sandan Kano ta dakatar da shi, bisa hujjar cewa 'yan daba suna fakewa da shi suna ƙwacen waya da sara. Ba na musun hujjar, wanda aka taɓa tarewa da wuƙa ba zai musa ba. Amma ma'anar wannan ita ce akwai yara a birni da za su fara ganin tashe a ɗakin taro irin namu ko a allon waya kafin su gan shi a zaure, in ma sun gan shi. Abin da muka ɗora a dandamali shi za su ɗauka tashe ne. An ɗauki hoton wasan namu an watsa, kuma na ga an rubuta a ƙarƙashinsa, da manyan baƙaƙe, wannan jumla ta Halowin ɗin Hausawa. Ina roƙon sakataren ƙungiya ya sa a goge ta.