Wasiƙar Luta ta 1528 a kan Sake Baftisma: Inda Ta Kama da Inda Ta Kuskure

Mai hidima a ƙasar Yauri ko Shanga ba zai karanta wannan wasiƙa kamar baƙo ba. Ikkilisiyar UMCA ta samo tushe ne daga aikin 'yan Menonayit, wanda A. W. Banfield ya fara a Shonga ta ƙasar Nupe (ba Shangarmu ba) a 1905. Wato waɗanda Martin Luta ya yi wa raddi, kakanninmu ne a bangaskiya.

Luta ya rubuta wasiƙar zuwa ga fastoci biyu. Kafin shi, Zwingili na Zurik ya buga littafi a 1525, yana cewa baftismar jarirai ta maye gurbin kaciya, ya kafa hujja da Farawa 17 da Kolosiyawa 2:11-12. Luta bai tsaya a nan ba. Tambayarsa ita ce: in an ce sai mai bangaskiya za a yi wa baftisma, wa ya san zuciyar mutum in ba Allah ba? Wanda aka yi wa baftisma yau, gobe ya yi shakka, sai a sake mai da shi ruwa? Jibi fa? Ya kawo misalin yarinyar da aka aurar ba ta son mijin, daga baya ta so shi. Ba a sake ɗaura aure. Abin da ya rasa shi ne ƙauna, ita ce kuma ta zo.

A ganina wannan hujja tana da nauyi, kada mu yi saurin ture ta. Yawancinmu mun taɓa karɓar wanda ya ja da baya, ya tuba, yana roƙon baftisma ta biyu domin hankalinsa ya kwanta. A nan Luta ya fi mu gaskiya: baftisma tana tsaye a kan umarnin Allah da alkawarinsa, ba a kan yadda mutum yake ji ba.

Amma misalin ya tsallake ainihin gardamar. Amarya ta san an ɗaura mata aure, jariri kuwa bai san komai ba. Masu sake baftisma ba su ce sun ga zuciyar kowa ba, shaidar baki suka nema. Luta da kansa ya yarda babu ayar da ta umarci baftismar jarirai a fili, sai ya koma ga motsin Yahaya a ciki (Luka 1:41), da cewa Allah ba zai bar kuskure ya daɗe haka a ikkilisiya ba. Ai wannan ce hujjar da Roma take yi masa!

A cikin wasiƙar ya nuna bai ji daɗin kashe waɗannan mutane ba, shekara guda bayan an nutsar da Filis Manz a kogin Limmat a Janairu 1527. Amma a 1536 ya sa hannu a takardar Melankton da ta halatta hukuncin kisa a kansu.