Muraja'a: Maimaici Muke Yi Ko Tishi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

'Yan'uwa, akwai kalmar da bakinmu ya saba da ita har muka rage mata nauyi, wato muraja'a. Da zarar jarrabawa ta matso a makarantunmu na Kukuo, sai ka ji yara suna rera Ahalari da Ishmawi da ƙarfi, wai muraja'a suke yi. Tsayar da ɗaya ka tambaye shi: wanda ya manta sujada a raka'ar farko, bai tuna ba sai a ta uku, yaya zai yi? Sai ya sunkuyar da kai. To, wannan sunansa maimaici.

Asalin kalmar a Larabci daga komawa ne: a koma wa abu a sake duba shi. Hausa ma tana da tata, tishi. Mace ta niƙa hatsi, ta taɓa ta ji da tsaki, sai ta tisa shi har ya yi laushi. Daga nan almajirai suka aro, suke cewa a tisa karatu. Kun ga ke nan, in gari ya fito yadda ya shiga, ai ba a yi tishi ba.

Ba mu raina maimaici. Hadda ba ta zama sai da shi, kuma ya tabbata Mala'ika Jibrilu yana bitar Alƙur'ani da Manzon Allah (SAW) kowane Ramadan, a shekarar ƙarshe har sau biyu. Amma fiƙihu yana buƙatar tishi. Imamu Shafi'i ya koyar a Iraƙi, da ya koma Masar sai ya sake nazarin mas'aloli da dama ya canza matsayi kafin rasuwarsa a 204 bayan Hijira. Har yau ana rarrabe tsohuwar maganarsa da sabuwa, kuma babu wanda ya ce ya ji kunya.

Laifin namu ne, mu manya. Muna tura yara muraja'a, amma wanenmu ya taɓa hawa mumbari ya ce: amsar da na ba ku bara na sake dubawa, na yi kuskure?

Shawararmu, ranar bita malami ya sa a rufe littafi, ya jefa mas'ala, ɗalibi ya kawo hukunci da dalilinsa. Shi ma malamin ya yarda a tisa tasa amsar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.