Idon Mai Fenti

Launuka biyu ne a kan katin kamfanin fenti, dukansu fari-fari. Ɗaya ya ɗan karkata zuwa ruwan madara, ɗayan kuma akwai ɗigon ruwan toka a cikinsa. Mai gida ya duba ya ce ai duk ɗaya ne. Mai fenti kuwa ya san ba ɗaya ba ne, kuma wannan sanin nasa ne ya sa nake jinjina masa.

Ba ya gaggawar yanke hukunci. Sai ya shafa kowanne a bango, faɗin tabarmar salla, ya bar su su bushe, domin ɗanyen fenti da busasshe ba kamarsu ɗaya ba. Ya dawo da hantsi ya duba, ya sake dubawa da la'asar, sannan da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. A ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, rana kan ƙara wa ruwan madara rawaya. Farin ƙwan LED kuma kan sa mai ruwan toka ya yi sanyi fiye da kima. Har ƙurar hunturu yana sakawa a lissafi, da launin tayil da labule.

Kafin duk wannan akwai wahalar da ba a gani: kankare tsohon fenti, cike tsaguwa, goge bango, da jiran sabuwar filasta ta bushe sarai, don kada damshi ya kumbura fentin. Sannan shafi biyu, wuya a ɗage, ƙafa a kan tsani. Amarya ta tare, baƙi su yaba hasken ɗakin, shi kuwa tuni yana wani gidan da rolarsa.